Haƙorin da zai faɗi da kansa: a yi masa aiki ko a cire?

Maman Sadiq, Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, tun jiya kaina ya ɗaure. Yarona shekararsa biyar da wata uku. Kusan sati biyu ke nan in yana cin abinci sai ya karkata kai yana tauna da ɓari ɗaya. In ya sha ruwan sanyi ko nama ya maƙale masa sai ya dafe kunci ya yi ɗan kuka, jim kaɗan ya manta ya fice wasa. Da na haska masa fitilar waya na ga rami baƙi a turminsa na ƙasa, na can ƙarshe ta dama, har da guntun tuwon madara a ciki. Jiya na kai shi wajen likitar haƙori, ta ɗauki hoto ta ce ramin ya kai bakin jijiya. Ta ce ita ba ta son cirewa, za ta buɗe ta yanke saman jijiyar, ta sa magani, ta rufe haƙorin da hular ƙarfe. Kuɗin ya fi na cirewa nesa ba kusa ba. Babansa ya ce in yi bincike tukuna. Hajiyarmu kuwa ta ce ta haifi tara, ba wanda aka taɓa yi wa aiki a haƙorin nono, famfara za ta zo ta share komai. Ya kuke gani?

Baban Hanifa, Kurna:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Ni dai ina bayan Hajiya. Haƙorin da gobe ko jibi zai faɗo a jefa shi kan rufi, ana ce wa yaro ya rufe baki kada ƙadangare ya gani, shi za a zuba wa kuɗi a wannan marra da kwanon shinkafa ya gagari magidanci? A cire masa ya huta, wani zai fito.

Maman 'Yan Biyu, Hotoro:
Sannu Maman Sadiq. Ki daka kanumfari ki sa a auduga ki cusa masa a ramin, nan take zai lafa. Haka nake yi wa nawa.

Dakta Binta, likitar haƙoran yara:
Maman Sadiq sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ban ga yaron ba, don haka wadda ta duba shi ita ce da magana ta ƙarshe, amma abin da kika kwatanta ya yi daidai da shawararta.

Baban Hanifa, a wajen "gobe ko jibi" ɗin nan ne lissafin ya kuskure. Haƙoran nono guda 20 ne, kuma ba rana ɗaya suke faɗuwa ba. Na gaba su ne ake famfararsu a shekara 6 zuwa 7, su kowa ke gani. Turmin ƙarshe irin na Sadiq sai tsakanin shekara 10 da 12 yake faɗuwa. Ke nan haƙorin nan yana da sauran aikin shekara biyar ko shida a bakin yaron.

Kuma ba tauna kaɗai yake yi ba. Wajen shekara 6 babban turmi na dindindin na farko yana fitowa a bayansa, ba tare da ya ture kowa ba, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaukarsa na nono. Wannan sabon turmin da na nonon yake jingina ya tsaya a mazauninsa. Ku tuna sahun sallah: in mutum ya fita, na kusa da shi matsowa yake ya cike gurbin. Haka haƙora suke yi. In an cire na Sadiq yanzu, babban turmin zai gangaro gaba, shi kuwa haƙorin da ke kwance cikin ƙashi yana jiran lokacinsa in ya taso sai ya tarar an cinye masa fili. Ko ya ɓullo ta gefe, ko ya maƙale. Gyaran wannan da waya daga baya ya fi aikin yau tsada da wahala.

Maman 'Yan Biyu, kanumfari yana kwantar da zafi, gaskiya ne, mu ma man da ke cikinsa muna aiki da shi kullum a asibiti, shi ne ƙamshin da kike ji in kin shiga ɗakin likitan haƙori. Amma ba ya tsayar da ruɓa. Zafin ya yi shiru, ramin yana ci gaba. Kuma don Allah kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi. Ruwan batir kuwa ko kusa.

Baban Hanifa, Kurna:
Dakta na ji batun sahu, ya shige ni. Amma ga inda hankalina bai kama ba. Ya za a yanke rabin jijiya a bar rabi a rufe? Ai ko nama ka yanka ka rufe a kwano ruɓewa zai yi.

Dakta Binta:
Tambaya mai kyau Malam. Naman kwano matacce ne, wannan kuwa da ransa, jini yana shigo masa ta ƙasan saiwa. Abin da muke kira jijiya tsoka ce mai laushi, da jijiyar jin zafi da hanyoyin jini a ciki. Tana da ɗaki a saman haƙori, sannan ta sauka ta siraran hanyoyi cikin saiwoyi. Haƙorin nono ɓawonsa siriri ne, ɗakin kuma babba ne in aka kwatanta da girman haƙorin, shi ya sa ramin da kake gani ƙarami ya riga ya kai ciki.

Ƙwayoyin cuta daga sama suke shigowa. Akwai lokacin da tsokar ɗakin ta kumbura amma ta cikin saiwa lafiyarta ƙalau. A nan ne ake aikin da muke kira falpotomi. A yi allurar kashe zafi, a killace haƙorin da shimfiɗar roba kada yawu ya shiga, a share ruɓar, a buɗe rufin ɗakin a kwashe tsokar da ke cikinsa kaɗai. Sai a danna auduga mai danshi a bakin saiwoyin a jira. A nan haƙorin yake faɗa mana gaskiya. In jinin ja ne garau kuma ya tsaya cikin kamar minti biyar, tsokar ƙasa tana da lafiya, a sa magani a rufe. In ya ƙi tsayawa, ko ya fito da duhu, ko an buɗe an tarar ba jini sai wari da mugunya, to cutar ta sauka ƙasa, shiri ya canja tun yaro yana kan kujera.

Shi ya sa abin da Maman Sadiq ta faɗa ya faranta min: zafin nasa sai an tsokane shi da sanyi ko abinci, kuma yana wucewa. Wanda muke tsoro shi ne zafin da ke ta da yaro cikin dare ba abin da ya ci, ko ɗan ƙurji a dasashi, ko haƙorin ya fara girgiɗi tun lokacinsa bai yi ba.

Maman Ilham, Rijiyar Zaki:
Wayyo, wannan ƙurjin na san shi. Bara 'yata tana shekara shida na kai ta wani wuri, ko hoto ba a yi ba, aka ɗan goge ramin aka cike da farin abu, aka ce shi ke nan. Na faɗa masu fa tana kukan dare. Bayan kwana goma kuncinta ya haye har idonta ya ƙanƙance, zazzaɓi ya rufe ta. Ba na manta daren, ina zaune da ita a cinya ina sa mata tsumma mai sanyi har aka kira assalatu. Da muka je wani asibitin suka ce jijiyar ta riga ta mutu kafin a cike, an toshe wa mugunya hanyar fita ne. Cire shi aka yi. Yanzu zobe ne da 'yar waya a wurin yana riƙe gurbin. Maman Sadiq ki gode wa Allah taki likitar ta fara da hoto.

Malam Nura mai kemis, Fagge:
Dakta, to in jijiyar ta mutu kamar ta Ilham dole sai cirewa? Kuma iyaye suna zuwar min kullum a ba su amoksisilin na ciwon haƙorin yaro. Ina ce masu su je asibiti, wasu su yi fushi su tafi shagon gaba.

Dakta Binta:
Malam Nura Allah Ya saka da alheri, ci gaba da tura su. Maganin sha ba ya isa cikin mataccen haƙori, tunda ba jinin da zai kai shi can. Kumburin ya sauka, bayan wata ya dawo. Yana da amfani in kumburi ya bazu a fuska ko da zazzaɓi, amma tare da yi wa haƙorin aiki, ba a madadinsa ba.

Ba dole sai cirewa ba. In saiwoyin ba su narke da yawa ba kuma ƙashin bai ci sosai ba, ana kwashe tsokar duka har ta cikin saiwa, a wanke, a cike hanyoyin. Wannan shi ne falpektomi. Bambancinsa da na manya: saiwar haƙorin nono narkewa take yi a hankali in na dindindin ya taso, don haka abin cikon ma dole ya zama mai narkewa. Ba a sa roban da ake sa wa manya. Na da shi ne zink oksaid da man kanumfari, yana aiki, sai dai ya fi saiwar jinkirin narkewa, wani lokaci ya bar ragowa. Ɗayan kuma haɗin ayodofom da kalsiyam haidiroksaid ne, irin Vitapex da Metapex, mai ruwan ɗorawa a cikin sirinji. Shi kuma saurin narkewa gare shi, har ya kan riga saiwar ɓacewa. In mugunya ta ci ƙashi har ta kusa haƙorin da ke ƙasa, cirewa ta fi, don tana iya ɓata masa ɓawo ya fito da tabo mai ruwan ƙasa har abada.

Dakta Sani, tsohon likitan haƙori:
Binta kin yi bayani, Allah Ya yi albarka. Amma kin tsallake abin da za a ɗora a kan saiwoyin bayan jini ya tsaya, kuma na san dalili, ba kya son rigima. Ni zan faɗa. Fomokiresol. Da shi aka koya mana, da shi na yi aiki har na yi furfura. Wani likita Ba'amurke mai suna Buckley ya haɗa shi tun 1904, kashi 19 cikin ɗari fomaldihaid, kashi 35 kiresol. Ana tsarma shi kashi ɗaya cikin biyar, a jiƙa 'yar auduga kamar ƙwayar gero, a matse ta sosai, a ɗora na 'yan mintoci a ɗauke. Bakin saiwar ya yi launin ƙasa, ya sandare, ƙwayoyin cuta su mutu. Kwalba ɗaya sai ta yi wa yara masu yawan gaske. Na ga yaran da na yi wa suna shekara huɗu sun dawo min da haƙorin a hannu suna shekara sha ɗaya, ya faɗi a lokacinsa.

Dakta Mubarak:
Ranka ya daɗe, da girmamawa, ba wanda ke musun cewa yana aiki. Amma yadda yake aikin ne matsalar: busar da tsokar yake yi kamar yadda ake adana gawa a ɗakin koyon tiyata, ba warkar da ita ba. Kuma a 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa fomaldihaid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji. Yanzu muna da MTA, wanda Mahmoud Torabinejad ya samar a Jami'ar Loma Linda ta Amurka a shekarun 1990. Asalinsa dangin siminti ne da aka tace, yana daskarewa ko da danshi, yana toshe wuri tsaf, kuma tsokar da ke ƙarƙashinsa tana nan da ranta har ta gina sabon bango. Akwai kuma Biodentine na kamfanin Septodont, yana daskarewa cikin kamar minti 12 kuma ba ya sa haƙori duhu kamar MTA na farko. Ƙungiyar likitocin haƙoran yara ta Amurka a 2017 ta amince da MTA da fomokiresol duka biyun, amma a jagorarta ta 2024 ta fifita waɗannan na simintin. Ilimi ya matsa gaba, ya kamata mu ma mu matsa.

Maman Sadiq, Ɗorayi:
Innalillahi. Dakta cutar daji kuma? Wallahi gabana ya faɗi. Ban tambaye ta wane magani za ta sa ba.

Dakta Sani:
Ka gani ko Mubarak, ka tsorata baiwar Allah. Maman Sadiq kwantar da hankalinki 'yata. Hukuncin nan an gina shi ne a kan ma'aikatan da ke shaƙar fomaldihaid shekara da shekaru a masana'anta da wuraren adana gawa. Abin da ke jikin audugar nan ɗigo ne da bai kai ɗigo ba, sau ɗaya, na mintoci. Ba zan ce maki ki guje shi ba, da na yi wa jikokina.

Kai kuma Mubarak, na yarda MTA ya fi. Na yi aiki da shi, na ga hotunan bayan shekara biyu, sun fi tsafta. Amma faɗa min nawa ne 'yar ledarsa yau da canjin dala, kuma in ka buɗe ta danshi ya shiga ya lalace. Biodentine kafso ne, sai an sa a injin kaɗawa, ranar da ba wuta kuma janareto ba mai fa? Matar da ta taho daga Gezawa ko Bichi da kuɗin mota a ƙulle a bakin zani, in ka ce mata sai MTA, abin da za ta ce shi ne a cire. Ka ga ka rasa haƙorin gaba ɗaya saboda neman na ɗaya. Ni in zaɓi tsakanin fomokiresol da filaya ne, ba na ko tunani.

Dakta Mubarak:
Wannan gaskiya ne ranka ya daɗe, ban musa ba. Maman Sadiq ki yi haƙuri, ba nufina in firgita ki ba. Abin da ke damuna shi ne mu riƙa cewa ba kuɗi har ya zama ko tambaya ba ma yi. Yanzu akwai ire-iren MTA na Indiya da Brazil da suka fi na farko sauƙi. In asibiti ya saya ya tsara yara uku ko huɗu rana ɗaya, leda ɗaya ta ishe su. Kuma akwai ferik salfet mai ƙarfin kashi 15.5, daƙiƙa 15 kawai ya tsayar da jini, ba fomaldihaid a ciki. Kalsiyam haidiroksaid ne dai ba zan ɗora a kan saiwar haƙorin nono ba, ya sha sa ta rinƙa cin kanta ta ciki.

Dakta Binta:
Ferik salfet ɗin ina amfani da shi, amma da sharaɗi: sai na fara ganin jinin ya tsaya da auduga. In ka yi gaggawar sa shi zai tsayar da jinin da ya kamata ya gargaɗe ka, ka rufe cuta a ciki.

Ni abin da ya fi ci min rai ba maganin ba ne, murfin ne. Yawancin falpotomin da ke dawo min a lalace ba maganin ne ya gaza ba. An yi aiki mai kyau, sai aka rufe da ɗan ciko saboda uba ya ce kuɗin hula ya yi yawa, ko uwa ta ce ba ta son ƙarfe a bakin ɗanta. Cikon ya tsage, yawu ya zurara, bayan wata shida ga ƙurji. Haƙorin da aka rarake cikinsa kamar ƙwarya yake, tauna aya ɗaya ta isa ta fasa shi. Hular ƙarfen nan tun wajen 1950 ake amfani da ita, tana rufe haƙorin ta ko'ina, ranar da zai faɗi tare suke faɗuwa. Maman Sadiq, in kuɗi ya matse, ki roƙi a sa magani mai sauƙi amma kada ki bari a fasa hular.

Anti Rabi, Gwammaja:
To mu masu yaran da ko kujerar ba sa yarda su hau fa? Nawa shekara uku, da ya ga farar riga sai ihu. Turamensa biyu sun fara rami amma bai taɓa kukan zafi ba.

Dakta Binta:
Anti Rabi ke ce kike kan gaɓa mafi kyau, kada ki jira zafi. In ramin bai kai jijiya ba akwai dabarar wata likita 'yar Sikotland, Norna Hall: ba allura, ba injin gurza, a cika hular da siminti a danna ta kan haƙorin, yaro ya cije. Ƙwayoyin cutar an rufe su ba abinci, ruɓar ta tsaya. Akwai kuma ruwan azurfa da fuloraid mai ƙarfin kashi 38 da ake shafawa a ramin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Sai dai wurin da ya ruɓe zai koma baƙi ƙirin, ki sani tun kafin a shafa. Duka biyun ba a yin su ga haƙorin da ke da ƙurji ko zafin dare. Kina iya fara tambaya a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuma in yana kwana da fida mai shayi ko madara da sukari a baki, a daina daga yau. Makilin mai fuloraid kamar ƙwayar wake, safe da dare, ke za ki goge masa da hannunki.

Maman Abba, Sharaɗa:
Dakta ɗana sikila ne, shi ma ana iya yi masa?

Dakta Binta:
Ki faɗa tun a bakin ƙofa kafin a taɓa shi, kuma likitansa na sikila ya sani. Ana yi, amma a lokacin da yake cikin lafiya, ba lokacin ciwo ba, kuma ba a barin mugunya ta zauna masa. Yaran da ke da wasu cututtukan zuciya ko waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni kuwa, sau da yawa cirewa muke zaɓa don kada a bar wata maɓoyar cuta.

Baban Hanifa, Kurna:
Na janye maganata ta farko. Daren jiya na haska bakin Hanifa, na ga ɗigon baƙi a turame biyu. Ranar Litinin in sha Allahu za mu je.

Maman Sadiq, Ɗorayi:
'Yan uwa an yi aikin yau da safe, alhamdulillah. Na karanta wa Babansa bayanin sahu, shi da kansa ya je ya lallashi Hajiya, har ita ta raka mu. Na tambayi likitar maganin, ta ce in jinin ya tsaya MTA za ta sa, tana da sauran yara biyu da za ta yi wa yau. Ina tsaye a kansa ina riƙe da ƙafarsa lokacin da ta ɗaga audugar ta ce min zo ki gani. Ɗigo biyu ne ja a ƙasan ramin, sun tsaya cak. Wajen minti arba'in aka gama har da hular. Allurar ce kawai ta sa shi kuka. Ta ja min kunne in kula kada ya ciji leɓensa kafin maganin ya sake shi, don haka a adaidaita sahu hannuna na kan haɓarsa har gida. Ta ce mu koma bayan wata shida a sake hoto, in kuma na ga ƙurji ko kumburi kafin nan kada in jira. Yanzu haka yana tsakar gida yana wage baki yana nuna wa yaran maƙwabta, wai ya yi haƙorin Makka irin na Hajiya. Dakta Binta, yaushe zan fara goge masa wajen da burushi, yau ko sai gobe?

Dakta Binta:
Ma sha Allah, barka. Yau da dare ma ki goge, a hankali da burushi mai laushi, har gindin hular inda ta haɗu da dasashi. In kin ga ɗan jini kwana biyu na farko ba komai. Cingam da alawa mai danƙo dai a ɗaga masa ƙafa, suna iya ɗago hular. Ki gaida Hajiya.